Wata uku da na yi ina neman rabin milimita a ƙaramin injin CNC ɗina

Na rubuta wannan ne saboda ƴan uwa da ke sayen ƙananan injinan sassaƙa na kwamfuta, wato CNC, irin wanda ake kira 3018, su haɗa shi da murna, sannan su tarar abin da ya yanka bai yi daidai da abin da suka zana ba. Ni ma'aikaci ne a Kano, ba kafinta ba ne, sha'awa ce kawai ta kai ni. Na yi odar injin daga ƙasar Sin, na jira shi sati biyar, kuma kuɗin dako da na fito da shi sun kusa kai rabin kuɗin injin kansa, don haka mai niyyar saye ya sa wannan a lissafinsa tun farko. Ya zo a kwali, gunduwa-gunduwa, da ƴar takarda mai hotuna. Na haɗa shi a daren Juma'a da yinin Asabar. Sunansa daga girman filin aikinsa ya samo asali, milimita 300 a tsawo da 180 a faɗi, zurfi kuma wajen 45. Allon lantarkin da ke tuƙa shi yana ɗauke da manhajar GRBL, ni kuma ina aika masa umarni daga kwamfuta ta manhajar Candle. Aikin farko da na ba shi rubuta sunan ɗiyata ne a kan wani guntun katako, ya fito tsaf, har na ɗauki hoto na tura wa ƴan uwa. A rubutu da zanen fure ba wanda zai gane kuskuren rabin milimita, shi ya sa na yi sati uku ina ganin injina lafiya lau yake.

Asirin ya tonu ne ranar da na ce zan yi wa uwargida ƙaramin akwatin ajiye turare, irin wanda gefunansa ke da haƙora masu shiga cikin juna. Na sayo filawud a ƴan katako na Na'ibawa, na zana haƙora masu faɗin milimita 10, na yanka ɓangarori shida. Da na zo haɗawa sai haƙoran suka yi lako-lako, ana hango haske ta tsakaninsu, wani gefen kuma ya ɗara ɗan uwansa tsawo. Na sake yankawa, abu ya sake fitowa haka. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na riga na yi alkawari, ga katako ya tafi a banza. Washegari na je Sabon Gari na sayi kalifa, wato ma'aunin kauri da faɗi mai baki biyu, mai nuna lamba a fuska, wadda ke auna har milimita 150, a kan naira dubu goma sha biyu a lokacin. Wannan ne kuɗi mafi amfani da na kashe a duk tafiyar, domin tef ɗin kafinta ba ya ganin irin kuskuren da muke magana a kai. Na yanka murabba'i mai milimita 20 kowane gefe, na auna. Ta hagu zuwa dama, wato layin X, ya ba ni 19.6. Ta gaba zuwa baya, wato layin Y, ya ba ni 19.75.

A nan na yi kuskuren da ya ci min sati biyu, kuma shi ne wanda na fi so in hana wani yi. Na karanta cewa a GRBL akwai lambobi uku, $100 da $101 da $102, masu gaya wa injin taku nawa mota, wato ƴar na'urar lantarkin da ke juya sandar injin, za ta yi kafin a tafi milimita ɗaya a X da Y da Z (layin sama da ƙasa). Na kuma ga lissafin gyara su: lambar da ke ciki, a ninka da nisan da aka umarta, a raba da nisan da aka samu. Lissafin gaskiya ne, ba shi da aibu. Na ɗauki 800 da ke ciki, na ninka da 20, na raba da 19.6, na sami 816.3, na rubuta. Na sake yanka murabba'in, ya fito 20 cif. Na yi hamdala na kwanta. Da gari ya waye na yanka gefen akwati mai tsawon milimita 200, sai ga shi ya kusa 204. Ƙarami ya gyaru, babba ya lalace. Na rage lambar, babba ya matso, ƙarami ya koma gidan jiya. Haka na dinga hawa da sauka da lambar nan kullum bayan isha'i, ina cika kwali da guntayen katako masu rubutun biro a jiki. Wani abin da ya ƙara dagula min lissafi shi ne ban adana lambobin asali ba kafin in fara taɓa su. Umarnin $$ yana fito da su duka a fuskar kwamfuta, kwafe su a takarda bai wuce minti ɗaya ba, amma ban yi ba, har na zo ina shakkar ko ma 800 ɗin ce ta asali.

Wani abokina kafinta ne ya ce in je wajen wani dattijo a Ƙofar Ruwa mai injin sassaƙa ƙarfe, irin masu yi wa makanikai noti da sanda idan an rasa a kasuwa. Na ce masa ai wannan bai san kwamfuta ba. Ya ce in dai je, matambayi ba ya ɓata. Na je da safe da kwalin guntayena, na tarar yana kan aikin wani, na zauna a benci na jira fiye da awa ɗaya. Da ya gama na gaishe shi na yi masa bayani. Bai tambaye ni komai game da manhaja ba. Ya karɓi kalifata, ya rufe bakinta ya duba ko tana komawa sifili, sannan ya ware guntayen da na yanka tun kafin in taɓa lambobi. Ya auna na 20, ya auna na 50, ya auna na 100, yana rubutawa da alli a kan teburinsa na ƙarfe: 19.6, 49.6, 99.6. Sai ya ɗago ya ce, "Ɗana, dubi nan. Ɓarawon naka abu ɗaya yake ɗauka a kowane gida, babba da ƙarami. Da a ce ma'aunin tafiyar ne ya ɓaci, da wanda ya fi tsawo ya fi asara." Na ce, "Baba, to mene ne ke ci?" Ya ce ko dai wuƙar ta fi faɗin da na gaya wa injin, ko kuma akwai wasa a sandar da ke tura ta, ko duka biyun. Ya ara min agogon awo mai allura da ƙafarsa ta maganaɗisu, ya ce in dawo masa da shi bayan sati, kuma ya ƙi karɓar ko sisi. Na bar wa yaransa kuɗin abinci.

Da na koma gida na fara mayar da lambar asali, kuma wannan karon da lissafi na tabbatar da ita. Motocin taku na injin suna yin taku 200 a zagaye ɗaya, allon yana raba kowane taku gida 16, ya zama 3200. Sandar mai zare da ke jikin nawa tana tura kan injin milimita 4 a kowane zagaye, na tabbatar ta hanyar juya ta da hannu sau goma na ga an tafi milimita 40. To 3200 a raba da 4, 800 ke nan. Akwai sanduna masu kama da ita sak da ke tafiyar milimita 2 ko 8, waɗannan lambarsu 1600 ko 400, saboda haka kada wani ya kwafi lambata ba tare da ya juya tasa sandar ba. Bayan haka na gwada tafiyar ba tare da yanka komai ba. Na ɗaura bit, wato wuƙar da injin ke yanka da ita, mai tsini, na shimfiɗa rular ƙarfe a kan teburin, na fara matsar da kan injin kaɗan zuwa dama don ya cinye duk wani wasa, na saita tsinin a kan sifili, na ba da umarnin tafiyar milimita 250 zuwa daman dai. Tsinin ya tsaya a kan 250, ko da gilashin ƙara girma ban ga bambanci ba. Na yi wa Y haka da milimita 150, shi ma daidai. Ashe lambar da na yi sati biyu ina zargi ba ta da laifin komai.

Sai na koma kan bit. A manhajar zane na rubuta cewa faɗinsa milimita 3 ne, saboda haka na ɗauka. Da na auna sai na ga 3.175, wato kashi ɗaya cikin takwas na inci, wanda shi ne girman da yawancin bit na waɗannan injinan ke zuwa da shi. Manhajar tana kauce wa layin zane da rabin faɗin bit, to in ka gaya mata 3 alhali ya fi haka, za ta ci cikin aikinka ta kowane gefe. Ban tsaya nan ba, na yanka miƙaƙƙen rami guda da wucewa ɗaya na auna faɗinsa, ya ba ni 3.25. Bit ɗin ba ya juyawa a tsaye cak, yana ɗan rawa. Na kwance kolet ɗin da ke riƙe shi, irin ER11, na tarar garin katako ya cushe a tsagoginsa, kuma na bar bit ɗin ya zazzago waje da yawa. Na wanke shi da tsohon buroshin haƙori da ɗan fetur, na fara danna kolet cikin notinsa har ya yi ƙas kafin in zura bit, na tura bit ɗin ciki sosai ya rage iya abin da aiki ke buƙata. Ramin ya dawo 3.2, kuma wannan lambar nake rubutawa a manhaja tun daga ranar, domin abin da bit ya yanka shi ne faɗinsa na gaskiya. Kuskuren Y kusan duk ya tafi a nan. Na X ya rage 0.15.

Agogon Baba ne ya kamo wannan. Na kafa shi allurarsa na taɓa gefen kan injin, na matsar da X milimita 1 zuwa dama sau biyu, na mayar da agogon sifili, na ƙara 1 zuwa dama, sannan na ce ya dawo 1 zuwa hagu. Ya kamata allurar ta koma sifili, amma ta tsaya saura 0.15. Na maimaita sau biyar, amsa ɗaya. Ma'ana duk lokacin da injin ya juya baya, sandar tana ɗan juyawa a banza kafin ta kama noti. Injin yana da notin tagulla mai gida biyu da sifirin a tsakani, aikinsa kenan ya hana wannan wasan, amma sai an matse sifirin ɗin sosai lokacin da ake zura sandar. Ni da nake haɗawa na bar shi a sake, don takardar ba ta nuna muhimmancinsa ba. Na kwance sandar gaba ɗaya, na danne sifirin da babban yatsa har ya kusa haɗewa, na mayar da sandar a haka, na shafa giris kaɗan. Na kuma lura sandar kanta tana ɗan motsi gaba da baya a wajen boris na ƙarshe, na matso da zoben da ke tare ta na ɗaure. Agogon ya nuna 0.04. GRBL 1.1 ba ta da wurin da za ka rubuta mata ta rama wasan sanda, saboda haka gyaran da hannu ne, babu wata hanyar. Na mayar wa Baba agogonsa ran Asabar da ƙwaryar goro, na nuna masa sabon murabba'i, ya auna ya ga 19.97, ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla. Yanzu saura ka ga ko zai riƙe."

Bai riƙe ba, kuma wannan matakin ne ya fi ba ni tsoro, don na ɗauka allon ne ya ƙone. Na ɗauko katako mai tauri ina yanka ƙasan akwatin, injin yana zagayawa yana nutsewa kaɗan-kaɗan, da ya gama sai na ga bangon yankan ya zama kamar matakala, kowane zagaye ya goce daga na samansa. Wani lokaci ya goce, wani lokaci bai goce ba, kuma ba da adadi ɗaya ba. Na yi kwana uku ina zargin waya, ina zargin janareta, har na fara tambayar kuɗin sabon allo. Abin da ya cece ni ɗan layi ne na alƙalamin maka. Na ja layi ɗaya miƙe daga sandar motar Y, ya bi ta kan mahaɗin alminiyon da ke haɗa ta da sanda mai zare, ya sauka a kan sandar. Na saki aiki na minti goma, na duba, layin ya rabu biyu. Mahaɗin ne ke zamewa. Ƴan ƙananan sukurori marasa kai ne ke riƙe shi, kuma sandar motar tana da gefe guda da aka shafe don ɗayansu ya zauna a kai, ni kuwa na ɗaure nawa a kan wajen da yake kewayayye. Na juya shi ya hau shafaffen gefen, na goga wa sanda mai zare ɗan fili da zarto mai laushi na ƙarfe, na ɗiga gam ɗin ɗaure noti, na ƙulle. Layin makar nan har yau na bar shi a kan mahaɗai ukun, kallo ɗaya nake yi musu kafin in fara aiki.

A wannan binciken ne kuma na gane ina ɗora wa injin abin da ya fi ƙarfinsa. Motar da ke juya bit ƙarama ce, ƴar 775, jikin injin kuma ba shi da nauyi, in aka matsa masa sai ya lanƙwasa ko motar taku ta yi ƙara ta tsallake taku, ita kuwa manhajar ba ta da labarin an tsallake, ci gaba take yi da lissafinta. Da ina nutsa bit milimita 2 a wucewa ɗaya. Na dawo rabin milimita a katako mai tauri, gudu kuma milimita 300 zuwa 400 a minti, sannan ina barin 0.2 a gefe in zo in share shi a zagayen ƙarshe. Aiki ya ƙara daɗewa, amma bango ya miƙe. Da zafin bazara ya shigo na ga abin yana neman dawowa bayan kamar rabin awa ana aiki, na taɓa ƴan ƙarafan sanyaya direbobin motocin, wato ƙananan na'urorin kan allo masu ba su wuta, na ji ba sa taɓuwa, ashe ƴar fankar allon ta toshe da ƙura. Na hure ta, na ɗaga allon daga inda garin katako ke zuba, na daina aiki da tsakar rana.

Saura biyu ba su ba ni wahala sosai ba. Akwatin gwaji ya haɗu amma yana ɗan karkata, sai na sa bit mai tsini ya ɗiga ɗigo huɗu a kusurwoyin murabba'i mai milimita 100, na auna daga kusurwa zuwa kishiyarta. Ya kamata kowanne ya ba da 141.4, nawa ɗaya 141.8 ɗaya 141.0. Ginshiƙan da ke ɗauke da layin X ne ɗaya ya ɗan fi ɗaya matsowa gaba. Na sassauta sukurorinsu, na daidaita nisansu daga bayan firam da kalifa, na ɗaure a hankali ina sake ɗiga ɗigo, a karo na uku bambancin ya sauko 0.1. Na zurfi kuma, na ga rubutu yana nutsewa a hagu yana shafewa a dama. Na ɗaure allon MDF, wato katakon da aka yi da matsattsen garin itace, a kan teburin na sa injin da kansa ya share fuskarsa baki ɗaya da bit mai faɗi, ta yadda shimfiɗar ta bi tafiyar injin. Na kuma auna ɗan ƙarfen da ake saita sifilin Z da shi, na ga kaurinsa bai yi daidai da abin da ke rubuce a manhaja ba, na gyara.

Abu na ƙarshe ba a injin yake ba sam. Filawud ɗin da aka sayar min da sunan milimita 6, da na auna 5.4 ne, kuma wani falle ya bambanta da wani. Na zana zurfin haƙorana a kan 6, dole su yi tsini waje. Yanzu kowane falle sai na auna shi a wuri uku kafin in buɗe manhajar zane. Haka nan katako yana sha yana amayar da laima: abin da na yanka da damina ya shige da ƙyar, da hunturu ya shigo iska ta bushe sai na ga ya saki. Tun daga nan nake barin katako ya kwana biyu ko uku a ɗakin aikin kafin in taɓa shi, kuma guntun gwaji a ranar nake auna shi, a ranar nake yanke hukunci.

Wanda ya sami kansa a inda na tsinci kaina, shawarata ya fara da kwafe lambobin $$ ya ajiye, sannan ya yanka abu uku masu girma daban-daban ya jera awonsu kamar yadda Baba ya yi da alli. In kuskuren yana girma tare da tsawo, a nan ne kawai ya dace a duba lambar taku, kuma da doguwar tafiya ake gwada ta, ba tare da yanka ba. In kuskuren ɗaya ne a babba da ƙarami, a duba faɗin bit da wasan sanda. In kuwa yau wani gobe wani, akwai abin da ke zamewa ko mota na tsallake taku, a ɗauko maka da alanki, wato makullin ɗaure sukurori marasa kai. Kuma abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a rubuta a littafi, don ni rashin yin haka ne ya sa na kasa gane wane gyara ne ya yi aiki a satin farko. Duk abin da na kashe bayan kalifa bai wuce kuɗin giris da gam da falle biyu na filawud da suka tafi a gwaji ba, ban sayi sabon allo ko mota ba.

Akwatin turaren na yanka shi a karo na huɗu, na bar sarari 0.1 tsakanin haƙora, na share kusurwoyin ciki da ƴar kurfi tunda bit kewayayye ba ya iya fitar da su da kaifi. Ɓangarorin suka shiga da ɗan bugun tafin hannu, suka tsaya tun kafin in sa gam. Na goge shi da sanfefa na shafa masa mai, yanzu yana kan madubin uwargida da kwalabe shida a ciki. Na yi na biyu na kai wa Baba Ƙofar Ruwa, ya juya shi ya duba haƙoran ɗaya bayan ɗaya, sannan ya buɗe ya zuba ƙananan bit ɗinsa na huda ƙarfe a ciki.